Raunin gaba: abin da za ka bincika kafin ka sha maganin ƙarfin maza

Idan namiji ya ga gabansa ya daina miƙewa yadda ya saba, ko yana miƙewa ya kwanta kafin a biya buƙata, basir ake fara ɗora wa laifi. Daga nan sai sanyi, sai zaƙi, wani lokaci a ce sammu aka yi masa. Basir kumburin hanyoyin jini ne a dubura. Zafinsa na iya rage wa mutum sha'awa, amma ba shi ke hana gaba miƙewa ba, kuma jiƙe-jiƙen da ke sa gudawa da sunan wanke ciki ba abin da suke ƙarawa sai galabaita. Maganar zaƙi ce kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, domin ciwon suga na cikin manyan dalilan wannan larura, sai dai shi ma ba a fitar da shi ta bayan gida.

A cikin gaba akwai tsoka biyu masu kama da soso. Idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ta jijiyoyi, hanyoyin jini su buɗe, soson ya cika ya danne hanyoyin da jinin zai koma. Miƙewar ke nan. Hanyoyin da ke kai jini gaba sirara ne ƙwarai, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Shi ya sa idan kitse, hawan jini, suga ko taba sigari suka fara lalata hanyoyin jini, na gaba kan riga na zuciya nuna alama, sau da yawa da shekara biyu zuwa biyar. Mutumin da ya haura 40 ya fara ganin rauni, zuciyarsa ma tana buƙatar a duba ta.

Ka fara tantance abin da ke damunka. Kasawa sau ɗaya ko biyu saboda gajiya ko ɓacin rai ba ciwo ba ne. Ana kiransa larura idan ya ɗauki kamar wata uku yana maimaituwa. Saurin kawowa daban ne, rashin haihuwa ma daban, shi gwajin maniyyi ake yi masa. Sannan ka lura da asuba. Idan kana farkawa gaba a miƙe da ƙarfi amma ya ƙi a shimfiɗa, ko matsalar ta zo farat ɗaya, galibi fargaba ce ko damuwa, kamar yadda ke samun ango a daren farko. Idan raunin ya zo sannu a hankali har miƙewar asuba ta ɓace, an fi zargin jini ko jijiya.

A asibiti ka nemi a auna hawan jini, suga kafin karyawa, da kitsen jini. Idan sha'awar kanta ta mutu, a auna sinadarin mazantaka, wato testosterone, kuma da safe ake ɗibar jinin, kafin ƙarfe 11, domin da yamma yakan sauka. Ka tafi da duk magungunan da kake sha. Wasu na hawan jini, irin su atenolol da bendroflumethiazide, da wasu na ciwon damuwa, suna kawo rauni. Kada ka daina sha da kanka. Likita zai iya canza maka wani. Tramadol da matasa ke sha don jinkirta kawowa, idan ya daɗe a jiki, yana rage testosterone ya kashe sha'awar gaba ɗaya.

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne sildenafil, wanda aka sani da Viagra tun da aka amince da shi a Amurka a 1998. Yana zuwa a miligiram 25, 50 da 100, kuma yawanci da 50 ake farawa, kamar awa ɗaya kafin saduwa, ba fiye da sau ɗaya a kwana ba. Aikinsa na kai wa kusan awa 4. A nan mutane da yawa ke kuskure har su ce bai yi musu ba. Wani zai cika ciki da tuwo da miya mai maiƙo ko tsire sannan ya sha, alhali maiƙo na jinkirta shigarsa jini. Wani zai sha ya zauna yana jiran gaba ya tashi da kansa, alhali maganin ba ya kawo sha'awa, hanya kawai yake buɗewa idan sha'awar ta zo, don haka dole a yi wasa. Ba a yanke hukuncin ya gaza sai an gwada shi yadda ya dace sau shida zuwa takwas. Tadalafil, miligiram 10 ko 20, yana kai wa awa 36 a jiki kuma abinci ba ya hana shi aiki. Akwai ƙaraminsa na miligiram 5 da ake sha kullum. Ciwon kai, toshewar hanci, jin ɗumi a fuska da ƙwannafi na iya biyowa, kuma sukan wuce.

Wanda ke shan maganin ciwon ƙirji na dangin nitrate, kamar isosorbide ko wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, ba zai sha sildenafil ko tadalafil ba. Haɗuwarsu na faɗar da jini ƙasa har a rasa rai. Mai shan maganin kumburin prostate (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara) na tsofaffi irin doxazosin, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, sai da sahalewar likita. Masu sikila su ma haka, domin sun fi kowa haɗarin miƙewar da ba ta kwanciya. Idan gaba ya wuce awa 4 a miƙe, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Jinin da ya maƙale ba iska a cikinsa, jinkiri na kashe tsokar har abada. Idan gani ko ji ya ɗauke farat ɗaya, a daina sha a ga likita.

Wannan haɗari ne ya sa magungunan tasha da na bayan mota abin tsoro ne. An sha gano garin sildenafil a ɓoye cikin kayan da ake tallatawa a matsayin na gargajiya zalla, a zuma, shayi ko kwalaben tsimi, ba a san adadin da aka zuba ba. Mai ciwon zuciya zai sha yana ganin itace ne. Burantashi kansa yana ɗaga hawan jini ya sa zuciya bugawa da sauri.

Idan ƙwaya ba ta yi ba, akwai famfon da ke jawo jini cikin gaba a sa zoben roba a gindi, kuma zoben kada ya wuce minti 30. Akwai allurar alprostadil da likitan mafitsara ke koya wa mutum yi a gefen gaba, akwai kuma tiyatar dasa na'ura a cikin gaba ga wanda sauran suka gaza masa. Testosterone ba a sha sai gwaji ya nuna ya yi ƙasa, domin yana rage ƙwayoyin maniyyi ga mai neman haihuwa.

Barin sigari, rage tumbi, daidaita suga da tafiya da sauri ta minti 30 kwana biyar a mako suna gyara hanyoyin jinin kansu, amma sai an yi watanni kafin a ga bambanci. Ka kuma gaya wa iyalinka abin da likita ya ce. Matar da aka bari cikin duhu takan zaci an daina sonta ne ko ana shirin ƙaro mata abokiyar zama, ɓacin ranta kuma ya ƙara maka fargabar da ke kwantar da gaban.