Yadda za a hana waya cinye data da lokacin iyali

Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kukan da aka fi ji a bakin masu waya a Sakkwato shi ne data ba ta daɗewa. Tsadar gaskiya ce, amma wani kaso mai yawa na abin da ke zurarewa manhajoji da shafukan intanet ne ke kwashe shi, domin an ƙera su ne a ƙasashen da intanet ke da arha da ƙarfi, ba tare da an tuna da mai sayen datar kwana ɗaya a Gwadabawa ko Tambuwal ba. Ba za mu iya sake musu gini ba, amma akwai gyare-gyare da ke hannun mai waya, kuma yawancinsu ba sa buƙatar a kai wa mai gyara.

Ka fara da sanin abin da ke cin datar. A wayar Android, shiga saitin, ka nemi sashen da ke nuna amfani da data, za ka ga manhajojin a jere da adadin da kowace ta sha. Sau da yawa mutum zai tarar da wadda ya manta da ita tana cikin na sama, saboda tana aiki a ɓoye ko da ba a buɗe ta ba. A nan ne za ka kunna abin da aka rubuta wa Data Saver, wanda ke cikin Android tun 2016, kuma aikinsa hana manhajoji taɓa data a bayan idonka, sai waɗanda ka ware da kanka. Daga nan ka shiga WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, domin zauren dangi ɗaya mai yawan tura bidiyo ya isa ya ƙarar da datar mako guda. A Play Store ka zaɓi kada a sabunta manhaja sai da wayfai, a Facebook kuma ka kashe kunnuwar bidiyo da kansa, ko ka koma Facebook Lite da aka fitar a 2015 saboda ƙananan wayoyi da raunin sabis.

Abin da ya fi waɗannan ɓata rai shi ne halin wasu shafuka da zarar an buɗe su. Mutum ya shiga don ya karanta labari mai layi goma, sai talla ta rufe allon gaba ɗaya, alamar rufewa kuma an yi ta ƙanƙanuwa yadda yatsa ba zai same ta ba sai ya taɓa tallar. Kafin ya farfaɗo, wani akwati ya fito yana neman izinin turo masa sanarwa. Da gangan ake tsara abin haka, domin kowace taɓawa kuɗi ce ga mai shafin. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce kada ya danna Allow a shafin da bai sani ba. Wanda ya riga ya danna, har wayarsa ta cika da saƙonni masu cewa ta kamu da cuta ko ya ci kyauta, ya buɗe Chrome, ya taɓa ɗigo ukun nan na sama, ya shiga saitin shafuka, ya buɗe sashen sanarwa, ya cire duk sunan da bai gane ba. Shafin intanet ba shi da hanyar bincika cikin wayarka ya gano cuta, don haka duk wanda ya faɗi haka so yake ka sauke wata manhaja ko ka ba da lambar katin banki. Saƙonnin tallan da ke zuwa ta layi kuma ana tsayar da su ta hanyar tura kalmar STOP zuwa 2442, idan kuma an cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, kamfanin ya ƙi saurare, lambar kai ƙara ta NCC ita ce 622.

Cike fom a intanet ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ɗalibai da masu neman aiki suka fi yin asara. Duk wanda ya taɓa zama a kafe lokacin rajista ya ga yadda abin ke faruwa: yaro ya cika shafi huɗu, ya zo ɗora hoton fasfo aka ce ya yi nauyi, ya fita ya rage shi, kafin ya dawo shafin ya kore shi, komai ya goge. Maganin wannan shiri ne tun kafin a buɗe shafin. Ka rubuta duk amsoshin a wurin ajiye rubutu na wayarka, ka rage hoton zuwa girman da aka nema, ka ajiye takardunka a wuri ɗaya, sannan ka riƙa kwafa kana mannawa. Idan akwai biyan kuɗi, ka ɗauki hoton allon da ke nuna lambar biyan, kuma idan shafin ya tsaya cak bayan an cire kuɗin, kada ka sake biya sai ka duba asusunka.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu musamman. Wasu fom ɗin ba sa karɓar waƙafin sama da ke cikin sunaye irin su Mu'azu, Sa'adatu da Isma'il, wasu kuma suna mayar da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, zuwa akwatuna ko alamar tambaya. Shawarata ita ce a rubuta suna daidai yadda yake a katin shaidar ɗan ƙasa, harafi da harafi, domin tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN wajen rajista, kuma saɓanin harafi ɗaya tsakanin takardu biyu kan jawo zirga-zirga mai tsawo. Ga matasanmu da ke koyon gina shafuka a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran makarantu kuwa, ina roƙonsu kada su gaji wannan sakaci. Waɗannan haruffa suna cikin Unicode, wato tsarin haruffan da kwamfutoci da wayoyi ke amfani da shi a duniya, kuma shafin da ya ƙi su laifin wanda ya gina shi ne. Su gwada aikinsu a ƙaramar waya, a wurin da sabis ke da sanda ɗaya, kafin su ce sun gama.

Sai batun wasannin gem, wanda ya haɗa data da kuɗi da tarbiyya wuri guda. Free Fire, wanda ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty Mobile na 2019, duk ana sauke su kyauta, amma ribar masu su tana fitowa ne daga sayar da tufafi da adon bindiga a cikin wasan, shi ya sa aka tsara su yadda yaro zai ji tilas ya dawo kullum. Mahaifi ya fara da sanya buƙatar kalmar sirri kafin kowane saye a Play Store, ya kuma duba shekarun da aka rubuta a ƙarƙashin sunan wasan. Manhajar Family Link ta Google tana ba shi damar ƙayyade awannin da wayar yaro za ta yi aiki, da lokacin da za ta kulle da dare, da kuma hana sauke sabon abu sai da yardarsa. A kashe hirar murya da baƙi a cikin wasan, kuma a hana yin sa waya na jone da caji, musamman a zafin Afrilu da kan haura maki 40, domin hakan na lalata batir da wuri.

Ba na cikin masu cewa duk yaron da ya yi wasan harbi zai ɗauki makami, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtukanta a 2019 tana magana ne a kan wanda wasan ya fi ƙarfinsa har ya lalata masa karatu da mu'amala. Damuwata ita ce irin yaƙin da ake nuna wa yaranmu, wanda aka harbe ya tashi ya sake shiga sabon zagaye, babu jana'iza, babu marayu, babu gonar da aka bari ba a nome ba. Mu kuwa muna jihar da mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah suka san abin da bindiga ke yi wa gari, har a 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar tsaro. Masu yaƙi sun daɗe da sanin tasirin waɗannan wasanni, domin rundunar sojan Amurka da kanta ta fitar da wasan America's Army a 2002 don jawo matasa shiga soja. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ita ma ta haɗa kai da kamfanin da ya ƙera wasan yaƙi na Arma 3 a 2017, aka ƙara masa wani sashe da ke nuna dokokin yaƙi da ɓarnar nakiyoyin da ake bari a ƙasa.

Saboda haka ƙayyade lokaci kaɗai bai wadatar ba. Uba ko uwa ko babban yaya ya zauna kusa da yaron ya kalli zagaye ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ya tambaye shi su wa yake wasa da su da kuma abin da suke faɗa masa, sannan ya gaya masa a fili abin da ya raba iyalai da garuruwansu har suka yi gudun hijira zuwa cikin birnin Sakkwato. Ga yaran da ba su kai shekarun da aka rubuta a jikin wasan ba kuwa, a cire shi daga wayar, a maye gurbinsa da na ƙwallon ƙafa ko na dara wanda ba ya buƙatar data.