Yadda Ake Nemo Faifan Jita Da Murya Zalla A Cikin Hayaniyar Legas

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege ko Idi-Araba ya san shiru kaya ne mai tsada a garin nan. Da asuba ihun kwandastan danfo, wato bas ɗin haya, ne zai tashe ka, da rana ham ɗin motoci, da dare kuma janareton maƙwabci. In mutum ya dawo gida bayan awa biyu a gosulo, kunnensa ba ya marmarin ganga. Ni abin da nake nema a irin wannan lokaci shi ne mutum ɗaya, da jita ɗaya ta katako wadda ba a jona ta da lantarki ba, sai muryarsa. Turawa kan jefa irin wannan a kwandon da suke kira "folk". A wurinmu ba baƙon abu ba ne. Wanda ya tashi yana jin marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ba 'yan amshi, ba makaɗa, ya riga ya san daɗin da nake nufi. Nemo faifan ne aiki, domin manhajojin waƙa sun fi son tura maka abin da ke tashe. Ga yadda nake yi.

Mataki na farko, ka samu ma'auni. Kafin ka shiga nema, ka riƙe faifai ɗaya da za ka riƙa gwada sauran da shi, kamar yadda mai awo a kasuwar Mile 12 ke riƙe da mudunsa. Nawa shi ne Pink Moon na Nick Drake, ɗan Ingila, wanda ya fito a 1972. Waƙa 11 ne, duka-duka minti 28, kuma a dare biyu aka naɗe shi. Daga shi sai jitarsa, in ban da ɗan fiyano da ya ƙara a waƙar farko. Wannan ɗan fiyanon ma zai taimake ka ka san kanka: ka yafe shi, ko ya ɓata maka? Wani ba ya damuwa in an ɗan kaɗa ƙwarya a gefe, wani kuwa ko tafi ba ya so. Ka yanke wannan tun yanzu, don kada ka ƙona data a banza.

Na biyu, kalmomin nema. Kalmar "acoustic" ita kaɗai mayaudariya ce. In ka rubuta ta a Spotify, Boomplay ko YouTube, za a jibgo maka waƙoƙin zamani da aka sake rerawa a hankali, da ganga da 'yan amshi da komai. Ka ƙara mata gishiri: "solo acoustic", "voice and guitar", "fingerpicking", "home recordings", ko "demos". Ta ƙarshen nan tana nufin gwajin da mawaƙi ya naɗa shi kaɗai kafin a kira makaɗa, kuma sau da yawa ya fi wanda aka kai kasuwa daɗi. A Bandcamp kuwa, shafin da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu, mawaƙan da kansu ke liƙa wa faifansu irin waɗannan kalmomi, don haka neman ya fi faɗawa daidai.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce barin Turanci gaba ɗaya. Mutanen Brazil suna da suna na musamman ga wannan salo, "voz e violão", wato murya da jita. João Gilberto ma haka ya raɗa wa faifansa na shekarar 2000, João Voz e Violão, kuma abin da ke jikin sunan shi ne abin da ke ciki. Da Faransanci ka gwada "guitare voix", da Sifaniyanci "guitarra y voz", wanda zai kai ka ga irin su Atahualpa Yupanqui na Ajantina. Rashin jin yaren ba matsala ba ne. Mu da muka shekara muna kallon finafinan Indiya ba fassara, wannan ba zai gagare mu ba.

Na uku shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne yawancin mutane ke yin kasala: ka karanta sunayen waɗanda suka yi kiɗan. Hoton bango ba shaida ba ne. Sau nawa na ga mutum zaune a kan dutse rungume da jita, na buɗe na tarar da makaɗa bakwai a bayansa. Shafin Discogs rumbu ne na bayanan fayafayai. Ka rubuta sunan faifan, ka gangara inda aka jera wa ya kaɗa me. In ka ga suna ɗaya a gaban "vocals" da "guitar", sai kuma injiniyan da ya naɗi sautin, to ka dace. In ka ga "drums", "bass" ko "strings", ka san akwai taro.

Amma a nan ma akwai rami. Suna ɗaya ba ya nufin kayan kiɗa ɗaya. Bruce Springsteen shi kaɗai ya naɗi faifansa Nebraska na 1982 a gida, a kan rakoda mai cin kaset, sai dai ya ɗora hamonika da mandolin da wasu ƙananan kaya a kan jitar. Haka Bob Dylan a fayafayansa na farkon shekarun 1960: jita da murya ne, amma hamonikarsa kan tsaga kunne in kana sanye da iyafis cikin dare. Ba aibu ba ne, wasu ma don ita suke sauraro. Ka dai duba abin da aka jera a gaban sunan, ba sunan kawai ba.

Na huɗu, gwajin kunne, kuma ba ya ɗaukar minti uku. Kada ka yanke hukunci da buɗewar waƙa, domin mawaƙa da yawa kan fara da jita zalla, sai an yi nisa ganga ta faɗo. Ka tsallaka zuwa minti na biyu a waƙar farko, ka yi haka a wata ta tsakiya, sannan ta ƙarshe. Ta ƙarshen tana da muhimmanci. Colour Green na Sibylle Baier, Bajamushiyar da ta naɗi waƙoƙinta a gida a farkon shekarun 1970 ba a fitar da su ba sai 2006, faifai ne mai sanyi kamar ruwan randa, amma a waƙar rufewa an sa mata gogen Turawa. Ni na yafe mata.

Na biyar, in ka samu ɗaya mai kyau, kada ka koma wurin manhaja ta zaɓa maka na gaba. Ka bi sawun mutanen da suka naɗe shi da kamfanin da ya fitar. Kamfanin Folkways, wanda Moses Asch ya kafa a New York a 1948, yanzu yana hannun cibiyar Smithsonian, kuma a shafinsu ana sauke takardun bayanin fayafayan kyauta. A can za ka samu Elizabeth Cotten, bahaguwar da ke juya jita ta kaɗa ta a kife, wadda Mike Seeger ya naɗa a gidanta aka fitar a 1958. Wasu daga cikin abin da ke faifan nata kiɗa ne ba rerawa, kuma akwai banjo a 'yan wurare. Faifan farko na Bert Jansch ɗan Sikotlan, na 1965, a gidan Bill Leader mai naɗar sauti aka naɗe shi, kuma bin sunan Leader kaɗai zai buɗe maka mawaƙan Birtaniya da dama na wancan zamani.

Kada kuma ka ɗauka sai an haye teku. Hugh Tracey, mai tattara kaɗe-kaɗen Afirka, ya naɗi Jean Bosco Mwenda a Katanga ta ƙasar Kwango a 1952, kuma har yau masu koyon jita na ƙoƙarin kwaikwayon yatsunsa. A Mali akwai Boubacar Traoré na Kayes, wanda ake wa laƙabi da Kar Kar. Ka fara da faifansa Mariama na 1990, domin a fayafayansa na baya-baya an ƙara ƙwarya da hamonika. Kusa da gida kuma, kamfanin Sahel Sounds ya fitar da faifan farko na Les Filles de Illighadad daga Nijar a 2016. Rabin farko jitar Fatou Seidi Ghali ce da waƙa cikin Tamashek, harshen Buzaye, an naɗa a fili, rabi na biyu kuwa kiɗan tende ne, wato gangar turmi ta Buzaye, da tafi. Wanda ke neman shiru ya tsaya a rabin farko.

Na shida, ka taka da ƙafa. Shagon Jazzhole da ke titin Awolowo a Ikoyi yana sayar da littattafai da fayafayai, tsofaffi da sababbi. Amfanin faifan garmaho ko CD a hannu shi ne bayan kwalinsa: sunayen makaɗa na nan a rubuce, ba sai ka kunna data ba. In za ka tambayi mai shago, a nan ko a wurin masu tsofaffin fayafayai, kada ka ce "folk" kawai. Ka ce mutum ɗaya da jita, ba ganga. In aka miƙo maka kiɗan "palm-wine", wanda ya yi tashe a Legas da Saliyo da Gana kuma daga cikinsa juju ya tsiro, ka sani yana da taushi amma galibi da ɗan kaɗe-kaɗe a gefe.

Saura wurin sauraro. Irin wannan faifai ba ya jure danfo. Na gwada a kan gadar Third Mainland, ƙarar inji ta cinye jitar, na yi ta ƙara murya har kunnena ya yi zafi. Ka sauke faifan a waya lokacin da ka samu intanet mai ƙarfi, ka nemi iyafis mai robar da ke toshe kunne, ka kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi domin a bi su yadda mai su ya jera, ka kuma kashe wanda ke ci gaba da kunna wasu bayan faifan ya ƙare. In ba haka ba, kana cikin gyangyaɗi manhaja za ta jefo maka ganga. Ni lokacina bayan sallar isha'i ne, ranar da aka kawo wuta unguwa ta kashe janareto, kuma minti 28 na Pink Moon kan ishe ni kafin barci ya ɗauke ni.