Yadda Ake Tsara Zubin Dole da Lokaci a Gasar Foka ta Gida

A wasan karta na Texas Hold'em, wanda wani nau'in foka ne, 'yan wasa biyu da ke hagun mai rabo sukan yi zubin dole, ɗaya ƙarami ɗaya babba, kafin su ga katinsu, kuma yadda wannan zubi yake hauhawa shi ne ke yanke tsawon gasa. Saboda haka mai masauki ya fara tsayar da lokacin tashi, sannan ya yi lissafi daga ƙarshe zuwa farko.

A ba kowa ƙwayoyin wasa, wato 'yan fayafayan da ake zubi da su, da suka ninka babban zubi na farko sau 100, misali 10,000 idan an fara da ƙaramin zubi 50 da babba 100. Gasa takan zo ƙarshe idan babban zubi ya kai kusan kashi 5 cikin ɗari na dukan ƙwayoyin da ke tebur, wato wajen 4,000 idan mutum 8 ne ke riƙe da 80,000. Babban zubi yana iya hawa kamar haka: 100, 200, 300, 400, 600, 800, 1,200, 1,600, 2,000, 3,000 da 4,000. Matakai 11 ke nan, waɗanda a kan minti 20 kowanne za su ci awa 3 da minti 40, ban da hutu.

Babbar gasar duniya da ake yi a Las Vegas tana ba kowane mataki awa 2, amma wannan ya yi wa zaman dare ɗaya yawa. A ganina, kuskuren da ya fi ɓata wasa shi ne ninka zubi a kowane mataki, domin yana mayar da gwaninta sa'a tsagwaronta. A lokacin hutu a canza ƙananan ƙwayoyi da manya, kuma a ajiye agogo inda kowa zai gani.