Yadda za ka gane wutar da talabijin ɗinka ke sha a wata

Da farko juya talabijin ɗin, a bayansa akwai 'yar takarda da aka manna, nemi lambar da ke da W a gefe, wat kenan. Na zamani mai inci 32 yawanci bai wuce 50 ba, amma tsohon nan mai ƙaton baya kam ya fi haka sha sosai. In V da A kawai ka gani, ninka su biyun, abin da ya fito shi ne wat ɗin.

Sannan ƙirga awa nawa yake kunne a rana, har da lokacin da yara ke barinsa yana ta surutu ba kowa a falo, don mita ba ruwanta da ko ana kallo. A ce awa 6 ne, 50 sau 6 ya ba ka 300.

Raba da 1000, tunda wat 1000 ne kilowat 1, ka samu 0.3, yunit ɗin mita da yake sha a rana kenan. Ninka da kwana 30, yunit 9 kenan.

Mu nan Gombe JED ke ba mu wuta, duba rasit ɗin da ka sa kati ka ga nawa yunit ɗaya yake, ka ninka da 9. Dikoda ma a yi mata nata lissafin daban.