Tarar katin bashi a Ingila: kurakuran da ke kayar da mai neman kuɗinsa a kotu

Duk mai katin bashi a Birtaniya ya san layin nan da ke fitowa a takardar lissafin da banki ke aikowa duk wata idan ya makara wajen biya ko ya zarce iyakar da banki ya yanka masa: fam 12 sun tafi. Kafin 2006 abin ya fi haka ciwo, don bankuna na cire fam 20, 25 ko ma fiye a kowace makara. A watan Afrilun 2006 ne hukumar OFT, wadda ke sa ido kan adalci a kasuwanci a lokacin, ta ce duk tarar da ta haura fam 12 za ta ɗauke ta a matsayin wadda ba ta dace ba, sai bankuna suka sauko zuwa wannan adadi.

Daga nan kuskuren farko yake tasowa. Wasu sun ɗauka fam 12 halal ce da ba a ja da ita, wasu kuma sun ɗauka kowace tara haramtacciya ce. Duka biyun ba haka ba ne. Hukumar ta ja layin da za ta tsoma baki ne kawai, hukunci kuwa na alƙali ne. Abin da za ka gamsar da shi a kai shi ne sharaɗin tarar ya karkata ga banki har ya cutar da kai, bisa dokar kare mai saye ta 2015 idan an ƙulla yarjejeniyar daga 1 ga Oktoban 2015, ko ƙa'idojin 1999 idan ta girmi haka. A yi hattara da tsofaffin wasiƙun da ke yawo a intanet. Da yawansu an rubuta su ne don cajin zarce kuɗi a asusun banki na yau da kullum, ba katin bashi ba, kuma bankuna sun ci shari'ar wannan cajin a Kotun Ƙoli a Nuwamban 2009. Wasu kuma sun dogara da hujjar cewa tara ba za ta wuce ainihin asarar banki ba, alhali Kotun Ƙoli ta sassauta wannan ma'auni a 2015, a shari'ar ParkingEye da Beavis. Lauyan banki na ganin wasiƙar da aka kwafo zai gane, kuma amsarta tana ajiye a wurinsa tuntuni.

Sai lokaci, kuma shi ya fi cinye ƙararraki. A Ingila da Wales dokar 1980 ta ba da shekara 6 don shigar da ƙara, a Sikotland shekara 5 ce. Kowace tara da nata agogon, daga ranar da aka cire ta. Wasiƙar koke ba ta tsayar da agogon nan. Shigar da ƙara ne ke tsayar da shi. Mutum sai ya shafe wata takwas suna musayar wasiƙu da banki, tsofaffin tarorin suna zubewa ɗaya bayan ɗaya kamar hatsi a buhu mai huji. Akwai sashe na 32 na dokar ta 1980 da ke ɗage lokaci idan an ɓoye gaskiya ko an biya bisa kuskure, amma hawa ne mai wuya, bankuna na yaƙarsa da gaske, bai kamata a gina ƙara a kansa kaɗai ba.

Da yawa kuma suna zuwa da ƙiyasi: "sun cire mini wajen fam 500". Kotu ba ta aiki da "wajen". Rubuta wa banki ka nemi bayanan da yake riƙe da su a kanka, haƙƙinka ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai, kyauta ne, kuma wata ɗaya gare shi ya amsa. Idan sun zo, ka yi jadawali: ranar tara, irinta, adadinta. Kuɗin shekara na kati da kuɗin ruwan sayayya ba tara ba ne, kada ka cusa su. Sashe na 69 na dokar kotunan gunduma ta 1984 ya ba ka damar neman ruwa na kashi 8 cikin 100 a shekara, amma sai ka nema a takardar ƙara, alƙali ba zai tuna maka ba. Lissafin ba wuya: ninka adadin da 0.00022 ka sami ruwan kwana ɗaya. Tarar fam 25 da ta yi shekara 4 ta tara fam 8. A yi wa kowace tara nata lissafin daban. (Wanda ba ya son karɓar ruwa saboda addini yana iya barinsa, ƙarar ba ta lalacewa.)

Tsallake matakan farko wani ramin ne. Kafin kotu ana fara koke a rubuce, banki yana da mako 8 ya ba da amsarsa ta ƙarshe. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ofishin Financial Ombudsman Service, mai raba gardama tsakanin bankuna da abokan hulɗarsu, kyauta ne, yana duba adalci da halin ƙuncin da mutum ke ciki, amma dole a kai masa cikin wata 6 daga amsar bankin. Idan ka amince da hukuncinsa na ƙarshe, ka rufe wa kanka ƙofar kotu a kan wannan magana. Idan kotun ka zaɓa, aika wasiƙar gargaɗi tukuna, da jadawalin a haɗe, ka ba su kwana 14, ka ajiye shaidar aikawa daga gidan waya.

Sunan wanda ake ƙara ƙaramin abu ne mai kayar da mutum. Visa da Mastercard ba su suka ba ka bashi ba, haka ma kantin da tambarinsa ke jikin katin. Cikakken sunan kamfanin yana cikin yarjejeniyar da ƙasan takardar wata, adireshinsa na rajista kuma yana shafin Companies House, hukumar rajistar kamfanoni.

Ƙarar da ba ta wuce fam 10,000 ba tana bin layin ƙananan ƙararraki. Ana shigarwa ta intanet ko da fom N1. Kuɗin shigarwa ya danganta da adadin, yana farawa daga fam 35, kuma akwai wani kuɗin daban na ranar sauraro wanda mutane ke mantawa da shi. Idan ba a biya a kan lokaci ba, kotu na iya soke ƙarar. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi sassauci da fom EX160. Banki yana da kwana 14 ya amsa, ko 28 idan ya sanar da kotu cewa sammaci ya iso. Idan ya yi shiru, hukunci ba ya faɗowa da kansa, kai za ka nema. Idan ya kare kansa, za a aiko da fom na tsara shari'a, N180 ga mai bin hanyar takarda, sannan zaman sulhu ta waya wanda ya zama wajibi a irin waɗannan ƙararraki tun Mayun 2024. A wannan layi, ko ka faɗi ba kasafai ake ɗora maka kuɗin lauyan banki ba, sai dai idan alƙali ya ga ka yi ganganci.

Kafin ranar sauraro tayi kan zo daga banki, wani ɓangare na kuɗin, da sunan kyautatawa. Karanta shi da kyau. Idan an rubuta cewa wannan biyan ya rufe magana baki ɗaya, sa hannunka ya yafe sauran. Ka duba ko an haɗa da kuɗin kotu da ruwa. Idan banki na bin ka bashi a katin, zai iya zabtare kuɗin daga bashin maimakon ya ba ka a hannu, kuma wasu bankunan kan rufe katin bayan rikicin, don haka a tanadi wata hanyar tun da wuri. Kada ka janye ƙara a kan alkawari. Jira kuɗin su shiga asusu, sannan ka sanar da kotu an biya.