Yadda ake shirya yawon buɗe ido da yara a kudancin Turai

Mai tafiya da iyali a karon farko yakan so ya leƙa ko'ina: Fotugal, Sifaniya, Italiya, Girka, tunda dai an sha wahalar biza, an kuma zuba kuɗin jirgi. Daga nan ake fara ɓata tafiyar. Yaro ɗan shekara biyar ba ruwansa da yawan garuruwan da aka taka. Abin da ya sani shi ne ƙafarsa ta gaji, yunwa ta kama shi, rana ta dame shi. Saboda haka ku auna komai da ƙarfin ƙaramin cikinku, ba da burin maigida ba. Misalin da za mu bi a nan shi ne kwana goma sha biyu: takwas a Andalus da ke kudancin Sifaniya, huɗu a birnin Roma.

1. Ku zaɓi lokaci kafin ku zaɓi gari

Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne daidai lokacin da kudancin Turai ke ci da wuta. A Yuli da Agusta zafin Sebiya da Kordoba, biranen Andalus, yakan haura digiri 40, kuma a watan Agustan 2021 an auna 48.8 a tsibirin Sisili. Kada wani ya ce ai mu mun saba da zafin Sakkwato ko na Agadas. A gida ba wanda ke yini a tsaye cikin layi a kan dutse da tsakar rana da goyo a baya.

Hutun Afrilu ya fi daɗi, sai dai ku duba kalanda: makon Ista da bikin Afrilu na Sebiya suna cika garin maƙil, kuɗin masauki kuma ya yi sama. Farkon Satumba ma ba laifi. A Disamba akwai arha da sanyi, rana kuma gajeriya ce. Idan ba makawa sai Agusta, ku sani ranar 15 ga wata hutu ce a Sifaniya da Italiya, kuma a Italiya ƙananan kantuna da yawa kan rufe a kwanakin da ke kewaye da ita.

2. Biza: a nan ake bukatar haƙuri

Sifaniya da Italiya duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta ishe ku. Ƙa'idar ita ce ku nema a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta. A tsarinmu Sifaniya ke nan. In kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ku fara sauka. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, kuma gara ku yi da wuri, don samun ranar ganawa shi ne abin da ya fi cin lokaci.

Tun watan Yunin 2024 kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai shida ba kuma kyauta. Cibiyar da ke karɓar takardun tana da nata cajin daban. Kowa da fasfonsa, har jariri, kuma fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa. Kowa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Sai takardar haihuwar kowane yaro, da wasiƙar makaranta, da shaidar aiki ko kasuwanci, da bayanin asusun banki na 'yan watannin baya. In uwa ce kaɗai za ta tafi da yaran, ko uba kaɗai, sai an haɗa da rubutacciyar amincewar ɗayan.

Abubuwa biyu ke yawan kayar da mutanenmu. Na farko sunaye: Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar haihuwa, Mamman a ta makaranta. Ku gyara tun yanzu. Na biyu shi ne a aro maƙudan kuɗi a zuba a asusu ana jibi za a miƙa takardu. Masu dubawa sun san wannan dabarar fiye da mai yin ta. Asusun da kuɗi ke shiga suna fita a hankali ya fi wanda ya kumbura dare ɗaya.

3. Ku kama gida, ba ɗakin otal ba

Otal ɗin Turai yana ƙirga kawuna. Ɗakin mutum biyu na mutum biyu ne, ba a shimfiɗa wa yara a ƙasa, iyali mai yara huɗu kuwa sai ɗaki biyu ko uku. Gidan haya na 'yan kwanaki mai kicin da injin wanki ya fi sauƙi, ya kuma rage yawan kayan da za ku ɗauko. Kafin ku biya, ku tambayi hawa na nawa ne, da lif ko babu, da na'urar sanyaya ɗaki ko babu, domin tsofaffin gine-ginen tsakiyar gari da yawa ba su da ko ɗaya. A Roma akwai harajin kwana da ake karɓa a kan kowane baƙo, ban da yara 'yan ƙasa da shekara 10.

4. Abin da za a sa a jaka, da wanda za a bari a gida

Kilishi, dambun nama, man shanu da cuku duk ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi. In aka gani za a ƙwace, har da yiwuwar tara. Madarar jarirai ta gwangwani da ba a buɗe ba an yarda da ita har kilo biyu. Ku riƙo garin yaji da garin kunu, don su ne za su cece ku ranar da yaro ya ƙi abincinsu. Tsabar kuɗin da ta kai Yuro 10,000 sai an bayyana ta ga kwastan.

Ku sa 'yar ƙaramar buta ko gorar da za ta maye gurbinta. A Italiya kusan kowane banɗakin gida yana da wurin tsarki da ruwa, amma a tasha da gidan abinci takarda kawai za ku tarar. Mutanen Najeriya da Gana su sayi adafta, don soket ɗin can mai zagayayyun ramuka ne. Na Nijar da Kamaru cajarsu za ta shiga yadda take. Kowa ya samu takalmi sau-ciki wanda ƙafa ta riga ta saba da shi.

Uwargida kuma kada ta raina zanin goyo. Titunan unguwar Albaisin a Giranada da na tsohuwar Roma duwatsu ne aka jera, keken tura jariri yana ta tsalle a kansu, kuma ba a shiga da keken cikin fadojin Alhambara, tsohon gidan sarautar sarakunan Musulmi na Giranada.

5. Ku sayi tikitin manyan wurare tun kuna gida

Wannan matakin ne ake yi wa sakaci, kuma shi ne ke sa a yi doguwar tafiya a tsaya a bakin ƙofa. Tikitin Alhambara yakan ƙare makonni kafin ranar. Yana ɗauke da sunan mai shi, ana duba fasfo, kuma an rubuta lokacin shiga fadojin sarakunan Banu Nasr. Wanda ya makara ya rasa. 'Yan ƙasa da shekara 12 ba sa biya, amma su ma sai an yanka musu nasu. Haka dandalin Kolosiyam na Roma: 'yan ƙasa da 18 kyauta, amma da tikiti da lokaci. Ku saya a shafin hukumar wurin, ba wajen 'yan kamasho masu ninka kuɗi ba, kuma ku zaɓi lokacin safe.

Tsakanin garuruwa jirgin ƙasa ya fi mota. Daga Madrid zuwa Sebiya kamar awa biyu da rabi ne, daga Sebiya zuwa Kordoba minti 45, daga can zuwa Giranada ƙasa da awa biyu. A jiragen Renfe, kamfanin jirgin ƙasa na Sifaniya, yaron da bai kai shekara huɗu ba yana zama a cinya kyauta, amma sai an karɓar masa tikitinsa. Ni dai ba na ba da shawarar hayar mota: ga kujerar yara da doka ta wajabta, ga wahalar wurin ajiyewa, ga unguwannin tsakiyar biranen Italiya masu alamar ZTL da aka taƙaita shigar motoci, inda kyamara ke ɗaukar lamba, tara ta biyo mutum bayan ya koma gida.

6. Babban wuri ɗaya a rana

Ku fita da ƙarfe takwas da rabi, ku ga abin da kuka fito gani, ku koma masauki bayan azahar a ci abinci a kwanta. Mutanen Andalus ma haka suke yi, ƙananan kantuna kan rufe daga biyu zuwa biyar. Da la'asar sakaliya sai a fita dandali yara su yi guje-guje.

A Sebiya, kwana uku. Hasumiyar Hiralda asalinta ta masallacin daular Muwahhidun ce, an gama ta a 1198, kuma kusan har sama gangare ake bi maimakon matakala, don haka ƙananan yara ma suna iya hawa. A fadar Alkasar akwai dawisu suna yawo a lambu. A Plaza de España, wadda aka gina don baje kolin 1929, ana hayar ƙaramin kwalekwale a tuƙa a 'yar ƙoramar da ke gabanta.

Kordoba, wadda littattafanmu ke kira Ƙurɗuba, kwana ɗaya ya isa. Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina babban masallacinta wajen shekarar 785, aka mayar da shi coci bayan faɗuwar garin a 1236. Ku faɗa wa yara wannan tun a waje, ku kuma sani masu gadi ba sa barin a yi salla a ciki, don kada a shiga gardama a gaban yara. Ginshiƙai sama da 800 ne ɗauke da bakuna masu ratsin ja da fari, ga mihrabin da har yau ayoyi ke ƙyalli a jikinsa. Yaron da ya taɓa jin malaminsa ya ambaci tafsirin Ƙurɗubi, ku ce masa ga garin malamin nan.

Giranada ta cancanci kwana uku. Ta zauna a hannun Musulmi har 1492. A cikin Alhambara ku ba yara aiki, in ba haka ba bayan minti ashirin za su fara tambayar yaushe za a tafi. Ɗaya ya ƙirga zakokin dutse goma sha biyu da ke ɗauke da kwanon ruwa. Mai karatun allo ya nemo inda aka rubuta "wa la galiba illallah" a bango. Zai yi ta samunsa har ya gaji, don taken gidan sarautar ne. A lambun Heneralife akwai matakalar da ruwa ke gudu a saman katangarta ta gefe, kuma ba yaron da zai wuce bai tsoma hannu ba. Da yamma ku hau Albaisin, ku yi magariba a masallacin da aka buɗe a 2003, inda daga farfajiyarsa ake hangen fadar gaba ɗaya. A watan Yuni magariba kan wuce tara da rabi na dare, isha kuma ta haura sha ɗaya, don haka ku tsara barcin yara da sanin wannan.

Kwana na takwas ku sauka Malaga, yara su taɓa teku, washegari ku hau jirgi zuwa Roma. Ƙananan kamfanonin jirage masu arha suna cajin jaka da tsada, ku biya kuɗinta tun wajen sayen tikiti. A Roma kwana ɗaya na Kolosiyam, ɗaya na Fatikan ga mai sha'awa, ɗaya na lambun Villa Borghese ba tare da wani shiri ba. In Juma'a ta riske ku, akwai babban masallacin garin da aka buɗe a 1995. Famfunan ƙarfen da ke zuba a bakin titi ruwan sha ne mai sanyi, ku cika gorunanku.

7. Abinci

Ku haddace 'yan kalmomi. A Sifaniya: cerdo, jamón, chorizo, tocino, manteca. A Italiya: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, strutto. Duk alade ne ko kitsensa. Cewa "ba nama" ba ta wadatar ba, don wasu masu abinci ba sa ƙirga barbaɗin jamón a matsayin nama. Miyar tumatir mai sanyi ta Kordoba, salmorejo, da shi ake yi mata ado. Taliyar carbonara da amatriciana na Roma duka da alade ake yi. Kifi, wainar ƙwai da dankali, da fiza margherita sun fi ba da kwanciyar hankali. Akwai gidajen abincin halal a titin Calderería Nueva na Giranada, a Roma kuma kasuwar Esquilino kusa da tashar Termini tana da mahauta Musulmi, har kuɓewa da doya ana samu. Mutanen Sifaniya ba sa cin abincin dare kafin tara, don haka ku dafa wa yara nasu a gida. Kantuna da yawa ba sa buɗewa ran Lahadi, cefanen Asabar ya zama na kwana biyu.

8. Tsaro da lafiya

'Yan sane sun fi yawa a jirgin ƙarƙashin ƙasa da motocin bas masu cunkoso, kuma uban da hankalinsa ke kan yara uku shi suke nema. Fasfo da kati su zauna a jakar da ke gaban ƙirji, hotunansu kuma a waya. Matan da ke miƙa wa baƙi ɗan reshen ganye kusa da manyan coci-coci a Giranada da Sebiya kuɗi za su nema, kada ku karɓa.

Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai lambar wayarku da adireshin masauki, a kuma koya masa cewa in ya ɓace ya tsaya inda yake. Wajen shiga jirgin ƙasa babba ɗaya ya shiga gaba, ɗaya ya zama na ƙarshe. Lambar gaggawa a ƙasashen biyu 112 ce, kantin magani kuma koren gicciye ne alamarsa. Idan yaro ya yi zazzaɓi, ku gaya wa likita tun a jimlar farko cewa daga ƙasar da ake maleriya kuka zo, domin ba ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba.

9. Dawowa

Ku karanta takardar bizar da kyau: akwai ranar ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin da aka yarje muku, kuma ba lallai su zo ɗaya ba. Wanda ya fi gajarta shi za ku bi. Ku fita da saura kwana ɗaya ko biyu saboda jirgi na iya sauya lokaci, kuma ku adana katunan shiga jirgi da rasitan masauki a cikin fayil ɗin da za ku kai in za ku sake neman biza.