Yadda za ka fitar da kwantenarka daga Duwala zuwa Injamena

Tun kafin jirgin ruwa ya taso, sa mai sayar maka ya yanki takardar BESC, wato takardar bin sawun kayan da aka loda a jirgi. In kaya suka iso Duwala babu ita, tara ce.

Sannan ka miƙa wa taransita (wakilin da ke fitar da kaya daga tasha) mai lasisi takardar lodin jirgi da rasidin saye. Shi zai shigar da kayan a na'urar duwan (kwastan) a matsayin kayan wucewa zuwa Chadi, ya ajiye kuɗin jingina. Alhaji, a nan ake zamewa: rubuta ainihin abin da ke ciki, kada atamfa ta koma gwanjo a takarda.

Direba ya bi Garwa da Marwa har Kuseri, kada ya taɓa hatimin ƙofa. Ya ƙetare gadar Ngeli da ke kan iyakar Kamaru da Chadi, ka biya harajin Chadi, a sako jinginar.